Yaron da ba ya cikin balan-balan: yadda ƙaryar neman suna ke samun shiga gidan talabijin

Da hantsin ranar Alhamis 15 ga Oktoban 2009, wani ƙaton balan-balan mai ƙyalli, mai siffar faifai, ya tsinke daga bayan wani gida a garin Fort Collins na jihar Kolorado a Amurka. Mai gidan, Richard Heene, da matarsa Mayumi suka ce autansu ɗan shekara 6 yana ciki, wai yayansa ya ga shigarsa. Nan da nan manyan tashoshin labarai suka ajiye duk abin da suke yi suka koma nuna balan-balan ɗin kai tsaye, iska tana kaɗa shi. Ya yi tafiyar kusan kilomita 80, ya kai tsayin mita 2,100, jirage masu saukar ungulu na soja suna biye da shi, aka kuma karkatar da wasu jirage a filin jirgin saman Denver. Da misalin ƙarfe 1:35 na rana ya sauka a wata gona. Aka rufa a kansa, aka buɗe, babu kowa. Sai hankali ya ƙara tashi, aka ce ai ya faɗo ne a hanya, aka bazama neman gawa. Bayan ƙarfe 4 na yamma yaron ya bayyana a gida, aka ce yana ɓoye ne cikin kwali a saman rufin gareji. Ko ƙofar gida bai fita ba.

Kwana uku bayan haka shugaban 'yan sandan gundumar Larimer, Jim Alderden, ya fito ya ce shiri ne aka kitsa don a samu shirin talabijin. Tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce ko iyayen mutanen banza ne ba. Tambayar ita ce ta yaya gidajen labarai masu editoci da lauyoyi da kuɗi suka kwashe sa'o'i suna yaɗa abin da alƙalami da takarda za su iya jefa shakku a kansa cikin minti goma.

Sai an san tarihin wannan irin labari kafin a gane ƙarfinsa. A watan Afrilun 1949 wata yarinya 'yar shekara 3, Kathy Fiscus, ta faɗa tsohuwar rijiya a San Marino ta jihar Kalifoniya, tashar KTLA ta yi sama da awa 27 tana nuna aikin ceto, kuma aka ciro ta ba rai. A 1981 Italiya ta kwana a gaban talabijin saboda Alfredo Rampi, yaron da shi ma ya faɗa rijiya. A 1987 Jessica McClure, mai wata 18, ta yi awa 58 a rijiya a Midland ta jihar Texas, aka ciro ta da rai, CNN kuma ta ƙara suna da wannan labari. Masu karatu da yawa za su tuna Rayan na Maroko a Fabrairun 2022, yaron da ya yi kwana biyar a rijiya mai zurfin mita 32, duniya tana ta addu'a har Allah Ya karɓi abinsa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma su suka koya wa gidajen talabijin cewa idan abu uku suka haɗu, mai kallo ba ya tashi: yaro cikin haɗari, hoto mai motsi da ake gani yanzu-yanzu, da lokaci da ke ƙurewa. Wanda ke son ya yaudari talabijin ba ya buƙatar wata dabara da ta wuce ya haɗa waɗannan ukun ya miƙa.

Ga yadda abin ke tafiya a cikin ɗakin labarai. Tashar gari ɗaya ce ke da jirgi a sama, ita ke ɗauko hoton, manyan tashoshi su karɓa daga wajenta ta yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Da zarar tasha ɗaya ta sa hoton, sauran ba sa iya jira, domin mai kallo zai sauya tasha. Mai gabatarwa yana zaune da hoto a gabansa amma babu sabon bayani, kuma ba a yin shiru a talabijin, dole ya yi ta magana. A nan kalmomi ke zamewa. A minti na farko ana cewa iyaye sun ce ɗansu yana ciki. Rubutun da ke ƙasan allo kuwa gajere ne, ba ya ɗaukar doguwar jimla, sai a datse “iyaye sun ce”, a bar “yaro a cikin balan-balan”. Daga nan kowace tasha tana leƙen allon 'yar'uwarta, tana ɗaukar abin da ta gani a matsayin tabbaci, alhali duka majiyar ɗaya ce, wato bakin mutanen gidan.

Kuskure mafi girma kuwa shi ne ɗaukar motsin hukuma a matsayin shaida. Ɗan sanda ko jami'in ceto da aka ce masa yaro yana sama, ba shi da zaɓi. Ko da zuciyarsa tana ba shi kashi tara cikin goma ƙarya ne, dole ya tashi jirgi saboda kashi ɗayan nan, kuma daidai ya yi. To, ɗan jarida sai ya ga jiragen soja sun tashi, ya ce ai da ba gaskiya ba ne da ba su tashi ba. Jami'i shi ma ya ga duk tashoshi sun ɗauka, matsin da ke kansa ya ƙaru, ya ƙara tura mutane. Kowa yana jingina da kowa, babu wanda ya taɓa ganin yaron da idonsa a ciki. Aikin mai ceto shi ne ya ɗauka gaskiya ne har sai ya ga akasin haka. Aikin edita kishiyar wannan ne, kuma a ranar editoci da yawa aikin mai ceto suka yi.

Yanzu lissafin. Balan-balan ɗin faɗinsa kusan mita 6 ne, tsayinsa mita ɗaya da rabi. An haɗa shi da ledar tamfol da falle-fallen alminiyam irin na naɗe abinci, an ɗaure da igiya da salatif, a ƙasansa kuma akwai ɗan akwati na siririn falanki da kwali. Abu mai wannan siffa, idan an cika shi taf, yana ɗaukar iskar hiliyam kusan lita 28,000, wato bai kai cikin tankar mai mai lita 33,000 ba. Kowace lita 1,000 ta hiliyam tana ɗaga kusan kilo ɗaya a bakin teku, domin abin da ke ɗagawa shi ne bambancin nauyi tsakanin iskar da muke shaƙa da hiliyam. Amma Fort Collins a kan tudu yake, kusan mita 1,500 sama da teku, iskar wurin ba ta da kauri, don haka ƙarfin ya ragu zuwa kusan giram 900. Idan aka ninka, jimillar abin da zai iya ɗagawa kusan kilo 25 ne, kuma a cikin wannan har da nauyin ledar da falankin da igiyoyin. Yaron kilo 17 ne. Saura kilo 8 ke nan na jikin balan-balan gaba ɗaya, kuma ana ƙara hawa ƙarfin yana ƙara raguwa.

A nan ne ya kamata a yi adalci. Da alƙaluman da uban ya bayar a ranar, wani malamin kimiyya na jami'ar jihar da 'yan sanda suka tuntuɓa ya ce abin mai yiwuwa ne. Sai da aka ɗora balan-balan ɗin a sikeli aka ga ya fi abin da uban ya faɗa nauyi da kusan kilo 8, aka tabbatar ba zai iya tashi da yaron ba. Don haka lissafi shi kaɗai bai isa ya sa a ce ƙarya ne a awa ta farko ba. Abin da ya isa ya nuna shi ne cewa maganar tana bakin gaɓa, kuma duk alƙaluman daga bakin mutum ɗaya suka fito. Akwai kuma abin da ido ke gani. Balan-balan da ke ɗauke da kaya mai nauyi a ƙasa yana tsayawa cak, nauyin yana jan ledar ƙasa har siffar ta zama kamar ɗigon ruwa. Wannan kuwa yana ta karkacewa yana juyi kamar ledar da guguwa ta ɗauka, alamar ba shi da komai. Duk matuƙin balan-balan da aka kira a waya aka nuna masa hoton zai iya faɗin haka. Waya ɗaya ce, ta minti biyar, kuma da ta sa an canza rubutun ƙasan allo zuwa “ba a tabbatar yaron yana ciki ba”.

Abin da ya fasa ƙwan ya faru ne a daren ranar, a CNN. Mai gabatar da shirin, Wolf Blitzer, ya ce wa uban ya tambayi ɗansa me ya hana shi fitowa da ya ji ana kiransa. Yaron ya dubi iyayensa ya ce, a taƙaice, ai ku kuka ce don shirin muka yi. Washegari da sassafe aka sake jera iyalin a gaban kyamarorin tashoshin ABC da NBC, aka sake maimaita tambayar, yaron ya kamu da amai, a NBC ma a gaban kyamara ya yi, kuma aka nuna. Wannan shi ne wurin da ya fi ciwo a duk lamarin. Jiya ana cewa ana kallo ne saboda tausayinsa, yau an mayar da shi shaida a kan ubansa a gaban miliyoyin mutane, cikinsa yana murɗawa, babu babba ko ɗaya a ɗakin sarrafa shiri da ya ce a yanke.

Masu binciken laifukan da suka shafi yara suna da ƙa'idar ɗaukar bayani, kuma hirar talabijin ta saɓa mata ta kowace fuska. Ƙwararre ɗaya ne ke zama da yaro, a ɗaki mai natsuwa, ba tare da wanda ake zargi ba. Ana fara da buɗaɗɗiyar tambaya, irin “ba ni labarin abin da ya faru”, ba tambayar da ta ɗauko amsarta a baki ba. Ana naɗar hirar don kada a yi ta maimaita masa, domin ɗan shekara 6 idan aka yi masa tambaya ɗaya sau uku sai ya ɗauka amsarsa ta farko ba daidai ba ce, ya canza. Maganar da yaro ya yi da dare, a gajiye, yana jikin ubansa, ta isa ta sa a buɗe bincike. Ba ta isa hukunci ba.

'Yan sanda ba a kanta suka dogara ba. Da farko Alderden ya fito ya ce ya yarda da iyalin, daga baya ya bayyana cewa ya yi haka ne don kada su rufe ƙofa. Aka yi wa miji da mata tambayoyi daban-daban, aka binciki gidan da sammacin kotu, aka kwashe kwamfutoci da takardu, aka auna balan-balan. Takardun da aka kai kotu sun nuna Mayumi ta amsa cewa sun san yaron yana gida, sun shirya abin tun kusan mako biyu kafin ranar, kuma sun umarci yaran su yi ƙarya. Sauran alamomin da mutane ke yawan ambata, su ma gaskiya ne: iyalin sun fito sau biyu a shirin Wife Swap na ABC, uban yana ta tallata nasa shirin ga kamfanoni, ma'auratan a makarantar koyon wasan kwaikwayo suka haɗu, an kira tashar KUSA ana neman jirginta kafin a kira lambar gaggawa ta 911, kuma akwai bidiyon tashin balan-balan da suka ɗauka da kansu. Amma a lura, waɗannan dalilan zargi ne. Mai son suna shi ma ɗansa yana iya ɓacewa da gaske. Sikeli da bayanan waya da ikirari su ne hujja.

A Nuwamban 2009 Richard ya amsa laifin yunƙurin yaudarar jami'in gwamnati, Mayumi ta amsa ƙaramin laifi na kai rahoton ƙarya. Ranar 23 ga Disamba aka yanke masa kwana 90 a gidan yari, ita kuma kwana 20, aka hana su cin ko sisi daga labarin na tsawon shekara huɗu, daga baya aka ɗora musu biyan kusan dala 36,000 na asarar da hukumomi suka yi. Hana cin riba ɗin nan shi ne ɓangaren hukuncin da ya fi dacewa da laifin, domin a Amurka ana iya sayar da abin kunya kamar yadda ake sayar da abin yabo. Richard dai ya dawo ya ce bai yi ƙarya ba, ya amsa laifi ne don kada a kori matarsa, wadda 'yar Japan ce, daga ƙasar. A Disamban 2020 gwamnan Kolorado Jared Polis ya yi musu afuwa. Afuwa ba wankewa ba ce, gwamnan bai ce ba su aikata ba, ya dai ce sun biya abin da ya isa. Nauyin hujjojin yana nan inda yake, amma wanda zai ba da labarin da gaskiya dole ya faɗi cewa uban yana musu.

Akwai wadda ta fi wannan muni a Ingila. A Fabrairun 2008 aka ce Shannon Matthews, 'yar shekara 9, ta ɓace a Dewsbury. Uwarta Karen ta yi ta kuka a gaban kyamara, maƙwabta suka buga riguna da hotonta, jaridar The Sun ta sa ladan fam 50,000, binciken ya ci wa 'yan sanda sama da fam miliyan 3. Bayan kwana 24 aka samu yarinyar a ƙarƙashin gado a gidan Michael Donovan, kawun saurayin uwar, ana ba ta ƙwayoyin sa barci. Shirin shi ne a sake ta, shi ya yi kamar ya tsince ta, su raba ladan. Kowannensu ya samu shekara 8. Abin lura a nan shi ne ladan da kafar labarai ta sa shi ne ya zama abin farauta. Lada yana fito da masu bayani, amma yana kuma sa wa yaro farashi, shi ya sa ya kamata a tsara shi da 'yan sanda, da sharaɗin da zai hana wanda ke da hannu ko danginsa karɓa.

Wani lokaci ma babu maƙaryaci ko ɗaya. Bayan girgizar ƙasar Meziko ta 19 ga Satumban 2017, tashar Televisa ta kwana tana ba da labarin wata yarinya, Frida Sofía, wai tana raye a ƙarƙashin ɓaraguzan makarantar Enrique Rébsamen, wai ta motsa yatsu, wai an ba ta ruwa. Ranar 21 ga wata rundunar sojan ruwa ta ce babu yarinya mai wannan suna. Masu ceto a gajiye sun ji abin da suke fatan ji, jami'ai suka maimaita, talabijin ya ƙara gishiri. Tambaya ɗaya ce da ta warware komai tun farko: ina iyayenta? Yarinya tana ƙarƙashin gini kwana biyu, babu uwa ko uba a bakin wurin, sunanta kuma ba ya cikin rajistar makaranta. Yara 19 ne suka mutu da gaske a makarantar nan, labarinsu kuma ya koma gefe saboda wadda ba ta wanzu ba.

Sai dai duk wanda ya karanta waɗannan ya ɗauki ɗabi'ar ƙaryata kowane iyaye masu kuka, ya faɗa ramin da ya fi zurfi. A 1980 Lindy Chamberlain ta ce karen dajin Ostareliya da ake kira dingo ya ɗauke jaririyarta a kusa da dutsen Uluru. Jama'a suka dubi fuskarta a talabijin suka ce ba ta yi kuka yadda ya kamata ba. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai a 1982, sai a 1986 aka tsinci rigar jaririyar a dajin aka sake ta, aka soke hukuncin a 1988, kuma sai a 2012 aka rubuta a hukumance cewa dingo ne. A Amurka, bayan kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, wani mai shirin rediyo da intanet, Alex Jones, ya yi shekaru yana cewa wasan kwaikwayo ne, mabiyansa suka addabi iyayen da suka binne 'ya'yansu, har a 2022 kotu a Connecticut ta ɗora masa diyyar dala miliyan 965. Mu ma mun ji masu cewa sace 'yan matan Chibok a 2014 shirin siyasa ne, iyaye suna zaune da hotunan 'ya'yansu a hannu. Fuska ba hujja ba ce. Akwai mai baƙin cikin da hawaye ke ƙafe masa, akwai maƙaryacin da ya iya kuka.

Abin da ya rage wa edita, ko mai shafin da ke da dubban mabiya, aiki ne ƙarami amma sai an daure. A sanar da ɓatan yaro da wuri, domin sa'o'in farko su ne masu tsada, amma kowace jimla ta tafi da mai ita: uba ya ce, 'yan sanda sun ce suna nema, ba wanda ya tabbatar. A nemi mutum na biyu da ba ɗan gidan ba wanda ya gani da idonsa. A kira masanin abin da ake magana a kai, ba mai sharhi a kan komai ba. Hoton kai tsaye da zai iya ƙarewa da gawa a sa masa jinkirin 'yan daƙiƙu, a kuma ajiye mutum ɗaya da aikinsa kawai ya yanke. Idan yaro ya bayyana, a bar shi, a yi hira da manya, a sauke hotonsa daga shafi, domin sunan yaron Fort Collins har yau yana manne da wannan rana a intanet alhali ba shi ya kira tasha ba.

Su kuma masu nema, matakin farko shi ne gidan kansa: ƙarƙashin gado, cikin durowa, bayan mota, tankin ruwa, rijiya, saman silin, duk inda jikin yaro zai iya shiga, ba inda babba ke ganin ya dace ba. A raba ɗakuna, kowa ya san nasa, a buɗe kowane kwali da hannu, kada a dogara da kiran suna, domin yaron da ke tsoron faɗa ko wanda aka ce ya yi shiru ba zai amsa ba. A Fort Collins sau biyu jami'ai suka binciki gidan a ranar, ba su hau saman garejin ba.